Mako Guda Ba Tare Da Ku Ba: Shirya Yaro Zuwa Sansanin Kirista Na Kwana

Duk wanda ya taɓa kai ɗansa sansanin kwana ya san rana ba ta da wuya. Da rana akwai iyo, akwai ƙwallo, akwai waƙa da nazarin Littafi Mai Tsarki a gindin itace, yaro ba ya ma samun sukunin tuna gida. Dare ne abin ji. Idan aka kashe fitila, ya tsinci kansa a kan gadon da bai saba da shi ba, cikin yara goma da bai gama riƙe sunayensu ba, a nan ake gane ko an shirya shi. Saboda haka duk shawarar da zan kawo, da dare nake auna ta: wa ke kwana kusa da shi, me zai yi idan fitsari ya tashe shi ƙarfe biyu, wa zai gaya wa idan wani abu ya dame shi. Zan riƙa cewa "yaro" don sauƙin magana, amma har da 'ya mace nake nufi.

Wannan al'ada ta fi ƙarfi a Amurka, inda makarantu ke dogon hutun bazara daga Yuni zuwa Agusta, kuma yawancin misalaina daga can suke. Tun 1861 wani malami, Frederick Gunn, ya kwashi ɗalibansa a jihar Connecticut suka yi zaman tanti. A 1885 Sumner Dudley na ƙungiyar samari Kirista ta YMCA ya fara sansanin da har yau yake aiki da sunansa. A Sikotilan kuwa, Boys' Brigade da William Alexander Smith ya kafa a Glasgow a 1883 ta yi sansaninta na farko a 1886. Wato fiye da shekara ɗari ke nan iyaye Kirista suna miƙa 'ya'yansu ga wasu na ɗan lokaci, an kuma tara ilimi mai yawa a kan abin da ke gyara tafiyar da abin da ke ɓata ta.

Mataki na farko: ku duba yaron kafin ku duba sansanin

Sansanoni da yawa suna karɓar yara daga shekara 7 ko 8, amma shekaru kaɗai ba sa yanke hukunci. Ku tambayi kanku: ya taɓa kwana a wani gida ba tare da ku ba, ya kuma tashi lafiya? Yana iya wanka da goge haƙori da sa tufafi ba sai an tsaya a kansa ba? Idan cikinsa na ciwo, zai iya buɗe baki ya gaya wa babban da bai sani ba, ko shiru zai yi ya ƙudundune? Wannan ta ƙarshe ita ce na fi ba muhimmanci. Yaron da bai iya ninke riga ba zai dawo da jaka a hargitse, shi ke nan. Wanda bai iya neman taimako ba kuwa zai iya shan wuya kwana uku ba wanda ya sani.

Idan amsoshin ba su gamsar da ku ba, ku fara da sansanin yini, ko na kwana biyu zuwa uku da wasu wurare ke shirya wa ƙanana. Haka nan idan gida bai daɗe da shiga wani hali ba, rasuwa ko rabuwar aure ko ƙaura, ku yi tunani sau biyu. Yaro zai iya ɗauka ana neman a raba shi da gida ne.

Ku kuma sa shi cikin shawarar. Ku zauna tare ku duba hotunan wurin, ku bar shi ya zaɓi mako ko ya zaɓa tsakanin sansanoni biyu da kuka riga kuka amince da su. Yaron da ya ji da yardarsa ya je ya fi jure kewa a kan wanda ya ji an tura shi.

Mataki na biyu: zaɓen sansani, kuma a nan za ku fi ɓata lokaci

Da sanyin safiya ake kama fara. Wuraren da ake rububi sukan buɗe rajista tun ƙarshen shekara, kafin Maris wasu makonni sun cika. Fara neman da wuri yana ba ku damar yin tambaya a tsanake, ba tare da tsoron gurbi zai kuɓuce ba.

Abu guda nake so ya zauna a zuciyarku: kalmar "Kirista" a jikin allon ƙofa ba ta ɗauke muku nauyin bincike ba. Mu masu bi muna da saurin sakin jiki idan muka ji mutum yana addu'a da kyau, kuma masu cutar da yara sun san haka. A 2010 wata kotu a jihar Missouri ta yanke wa wani tsohon jagora a ɗaya daga cikin manyan sansanonin Kirista na Amurka hukuncin ɗaurin rai da rai saboda lalata da yara maza da ya yi shekaru yana yi, mutumin da iyaye suka yarda da shi har suna gayyatarsa gidajensu. Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba. Na kawo ne don kada kunya ta hana ku tambaya. Shugaban sansanin kirki yana murna da iyaye masu tambaya. Wanda ya ji haushi, ko ya amsa muku da "ai duk 'yan'uwa ne cikin Ubangiji", ya riga ya ba ku amsa.

Ku kira waya, kada ku tsaya ga abin da ke shafinsu na intanet. Idan da hali ku je da ƙafarku ranar da suke buɗe ƙofa ga iyaye, gani ya kori ji. Ku fara da lasisi, domin dokokin sansani sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Sannan ku tambaya ko suna da shaidar ƙungiyar American Camp Association, wadda ke aika masu duba ma'aikata da lafiya da tsaro. Neman wannan shaida ganin dama ne, ba dole ba, don haka rashinta ba hujja ce ta sharri ba, amma ku ji dalili. Kasancewa cikin Christian Camp and Conference Association kuwa zumunci ne na sansanonin Kirista, kada ku ɗauke shi a matsayin wancan binciken.

Ma'aunin da American Camp Association ta sa wa sansanin kwana shi ne babba ɗaya ga yara 6 idan shekarunsu 6 zuwa 8 ne, ɗaya ga 8 idan 9 zuwa 14 ne, ɗaya ga 10 idan 15 zuwa 18 ne. Ku tambayi yadda lissafin yake da dare, ba da rana kaɗai ba. Manya nawa ke kwana a kowane ɗaki? Shekarunsu nawa? Idan masu kula da ɗaki sun tafi taron ma'aikata bayan yara sun kwanta, wa ke zama? Ana binciken tarihin kowane ma'aikaci, har da masu aikin sa-kai da mai wa'azin da aka gayyato? Kwana nawa ake horar da su kafin yara su iso? Suna bin ƙa'idar mutum uku, wato ba a barin babba ɗaya da yaro ɗaya su keɓe inda ido ba ya kaiwa, ko da addu'a ce ko shawara? Yaya ake wanka da sauya kaya? Idan yaro ya kawo ƙara, hukuma ake kai wa ko a cikin gida ake kashe maganar?

Sai yanayin wurin. Kafin asubar 4 ga Yuli 2025, kogin Guadalupe a jihar Texas ya cika ya tashi kusan ƙafa 26 cikin minti 45, ya afka wa Camp Mystic, sansanin Kirista na 'yan mata, yara da masu kula da su 27 suka rasu. Tun daga ranar ba na ganin wuce gona da iri ne uwa ta tambaya: ɗakunan kwana suna cikin yankin ambaliya? Wa ke zaune a farke da dare yana sauraren gargaɗin yanayi? Idan wuta ta ɗauke kuma waya ba ta shiga, da me ake tada ɗakuna? Ina ake kai yaran, kuma ana gwada ficewar da su a ranar farko? Taswirorin ambaliya na FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, a buɗe suke, kuna iya sa adireshin sansanin ku duba da kanku. A wani wurin gobarar daji ce barazana, a wani guguwa, tambayoyin dai ɗaya ne.

Ku tambayi batun ruwa: masu ceto da ke da takardar shaida, gwajin iyo a ranar farko, rigar hana nutsewa a cikin kwale-kwale. Ku tambayi ko akwai nas da ke kwana a sansanin, da nisan asibiti mafi kusa.

Akwai kuma abin da ya sa kuka zaɓi na Kirista tun farko. Ku nemi rubutaccen bayanin bangaskiyarsu ku karanta. Sansanin Baptis da na Katolika da na Fentikos da wanda ba ya ƙarƙashin wata ɗarika ba su koyarwa iri ɗaya a kan baftisma, jibin Ubangiji, ko magana da harsuna. Ba laifi yaro ya ga yadda wasu 'yan'uwa ke sujada, amma ku sani tun da wuri don kada ya dawo da tambayar da za ta zo muku ba-zata. Ku tambaya ko ana yi wa yara baftisma a can, kuma ko sai da izinin iyaye. A ganina wannan bai kamata a yi shi a bayan idon iyaye da ikilisiyar yaro ba. Ku tambayi yadda ake gudanar da daren ƙarshe, wanda a wurare da yawa ake kiran yara su fito su ba da ransu ga Yesu. Ana gayyata cikin natsuwa, ko ana tsorata yaran da suka gaji da barazanar wuta har sai kowa ya ɗaga hannu?

Batun kuɗi gajere ne. Ku san nawa ne kafin alƙalami, yaushe ake kammala biya, me ake mayarwa idan yaro ya yi ciwo ko ya fasa, da abin da ba ya cikin kuɗin, kamar mota da hawan doki da kantin sansani. Sansanoni da ikilisiyoyi da yawa suna da tallafi, sai dai wanda ya nema da wuri shi ke samu. Mazauna Amurka su lura cewa rangwamen haraji na kula da yara yana iya shafar sansanin yini, amma ban da na kwana.

Mataki na uku: likita da fom

Ku kama ranar ganin likita wata biyu kafin tafiya, domin sansanoni da yawa suna son likita ya sa hannu a fom, wasu kuma sai gwajin da bai wuce wata 12 ba. A duba katin rigakafi: ƙyanda, tetanas, da allurar sanƙarau da a Amurka ake yi wa yara a shekara 11 zuwa 12. Inda yara ke kwana gado a kan gado, cuta ba ta wuyar yaɗuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ku rubuta komai a fom ɗin nan: asma, sikila, farfaɗiya, abincin da jikinsa ba ya karɓa, tafiya cikin barci, firgita da dare, fitsarin kwance, maganin da yake sha don natsuwa. Iyaye kan ɓoye don kada a yi wa ɗansu wani kallo, sai ya zama an bar shi shi kaɗai da matsalar cikin dare. Mai kula da ɗakin da ya san yaro na fitsarin kwance zai ba shi gadon ƙasa kusa da ƙofa, ya tuna masa ya zaga kafin barci, da safe kuma ya ɗauke shimfiɗar a asirce lokacin da sauran suka tafi karyawa. Wanda bai sani ba sai yaran ɗakin sun riga shi ganewa. Ku yi wa likita maganar, akwai wandon dare mai tsotse fitsari, akwai kuma maganin da yakan rubuta na ɗan lokaci, amma a gwada shi a gida tukuna.

Mai sikila yana bukatar tsari a rubuce: yawan shan ruwa, hutu a inuwa, kaucewa ruwa mai sanyi sosai, da alamun da ke nufin a kai shi asibiti nan take, musamman zazzaɓi. Magunguna su tafi cikin kwalabensu na asali da sunan yaro a jiki, a miƙa wa nas hannu da hannu, kada a cusa a jaka. Abin shaƙar asma da allurar gaggawa irin EpiPen kuwa ku tambayi inda za su kasance idan an tafi daji, domin ba su da amfani a kulle a ofis. Kada ku dakatar wa yaro da maganin da ya saba sha don wai hutu ake yi, kada kuma ku fara sabo ana jibi tafiya.

Mataki na huɗu: miƙa masa abin da kuka saba yi masa

Makonni huɗu zuwa shida kafin tafiya, ku fara janye hannu. Ya gyara gadonsa, ya ware kayan datti, ya shanya tawul, ya yi wanka cikin minti biyar, ya shafa man kare fata daga rana da kansa. Ku bar shi ya kwana biyu a gidan dangi ko amintattun abokai ba tare da kiran waya ba, ya rubuto muku wasiƙa maimakon haka. Ya kwana cikin jakar barcinsa a falo, ya je ban-ɗaki da tocila ba a kunna fitila ba. Yarinyar da ta kusa fara al'ada a yi mata bayani, a sa mata audugar mata a jaka, a gaya mata wurin wa za ta je. Idan bai iya iyo ba a sa shi darasi, a kuma gaya masa kada ya yi ƙaryar iyawa don kunyar abokai.

Haka ibada. A gida ku ne ke cewa a zo a yi addu'a. Ku koya masa buɗe Littafi Mai Tsarki ya nemo sura da aya, ku haddace ɗan gajeren nassi tare wanda zai riƙe da dare. Zabura 121 ta dace, inda aka ce mai tsaronka ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Yaro ɗan shekara tara da ke kwance ido biyu yana fahimtar wannan fiye da yadda muke zato.

Sai kewar gida. A 2007 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta wallafa rahoton Christopher Thurber da Edward Walton a kan wannan batu. Abin da ya fito fili shi ne mafi yawan yara suna jin kewa ko da na kwana ɗaya ne, kaɗan ne take tsananta musu, kuma shirin da aka yi a gida yana rage ta. Don haka kada ku ce masa ba zai yi kewa ba. Ku gaya masa zai yi, ba rauni ba ne kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne, mutum yana kewar abin da yake ƙauna ne. Ku nuna masa kwanakin a kalanda ya ga iyakarsu. Ku tsara abin yi idan ta taso: ya shiga wasa, ya rubuta wasiƙa, ya yi addu'a, ya gaya wa mai kula da ɗaki.

Kuskuren da rahoton ya yi gargaɗi a kai, wanda kuma tausayi ke jefa iyaye ciki, shi ne alkawarin ɗauko shi. Yaro zai ce, "Mama, in ban ji daɗi ba fa?" Bakin uwa kan yi saurin cewa, "Ka sa a kira ni, in zo in ɗauke ka." Da wannan an gaya masa ke ma ba ki tabbata zai iya ba, an kuma buɗe masa ƙofar da zai yini yana kallo maimakon ya nemi abokai. Gara a ce, "Za ka yi kewarmu, mu ma za mu yi taka. Na san za ka iya. Ranar Asabar Babanka da ni muna bakin ƙofa." Ku kuma riƙe naku damuwar a tsakaninku. "Ban san yadda zan yi barci ba ka nan ba" kaya ne da bai kamata a ɗora wa yaro ba.

Amma a raba kewa da cutarwa, kuma a raba su a fili. Ku zauna da shi, cikin murya ta yau da kullum, ku ce: jikinka naka ne. Ba wanda ke da izinin taɓa inda wando ke rufewa, ko ya nuna maka nasa, ko ya ɗauki hotonka ba kaya, babba ne ko yaro ɗan'uwanka. Ba babban kirki da zai ce ka ɓoye wa Mama da Baba wani abu, ko fasto ne, ko ya ce tsakaninku da Allah ne. Idan wani ya sa ka ji ba daɗi, ka tashi daga wurin, ka gaya wa nas ko shugaban sansani, in ba su saurara ba ka gaya wa wani, kuma ba za mu taɓa yi maka faɗa a kan haka ba. A irin wannan, za mu zo ko ƙarfe nawa ne. Yaran da aka tarbiyyantar da girmama na gaba sun fi bukatar jin wannan daga bakin iyayensu, domin su ne suka fi jin nauyin cewa a'a.

Ku taɓo daren ƙarshe ma. Ku ce masa idan ya ji Ubangiji na kiransa ya amsa da zuciya ɗaya, za ku yi murna. Idan kuma bai ji ba, ba dole ya fita gaba don abokansa sun fita, Allah ba ya gaggawar da mutane ke yi.

Mataki na biyar: jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku bi jerin kayan da sansanin ya aiko, ku fara mako biyu kafin lokaci, kuma yaron ne zai sa kayan da hannunsa kuna kallo, in ba haka ba zai yi mako yana neman safar da ke aljihun gefe. Tsofaffin kaya za a ɗauka, waɗanda ba za a yi baƙin ciki ba idan sun yage ko sun ɓata. A rubuta suna a kan komai. Ga ƙanana, a haɗa kayan kowace rana cikin leda guda. Safa da kamfai su fi yawan kwanakin. A sa rigar sanyi ko da bazara ce, don dare a bakin tafki ko kan dutse yana da sanyi, da rigar ruwan sama, da rufaffen takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi, da silifas na wanka, da tawul biyu, da gorar ruwa, da tocila da ƙarin batir. Sansanonin Kirista da yawa suna da doka a kan kayan iyo da tsawon gajeren wando, ku karanta kafin ku saya.

Littafi Mai Tsarki ya zama wanda yake iya karantawa kuma aka yarda ya yi ƙura, ba na gadon iyali ba. A haɗa da ɗan littafin rubutu da biro, da ambulan masu adireshi da kan sarki a manne. Man rana mai lamba 30 ko fiye, ana sake shafawa duk awa biyu da bayan iyo, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa. Maganin sauro na shafawa a jiki mai sinadarin DEET kashi 10 zuwa 30 ya isa. A arewa maso gabashin Amurka da yankin manyan tafkuna kaska na ɗauke da cutar Lyme, don haka a koya masa duba bayan gwiwa, hammata, ƙugu da bayan kunne kowane dare, idan ya ga kaska ya je wurin nas.

Idan doka ta ce ba waya, to ba waya. Na san iyayen da kan ɓoye ta biyu a cikin matashi. Wannan koya wa yaro ne cewa doka ta wasu ce, kuma yaron da ke kiran gida a ɓoye kowane dare ba ya sabawa da wurin. Abinci ma kada a ɓoye, yana jawo ɓeraye da kiyashi, yana kuma iya cutar da yaron gadon kusa da jikinsa ba ya karɓarsa.

Hannatu da ta miƙa Sama'ila yana ƙarami takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa kowace shekara. Ku sa wani abu irin wannan a jakar: hoton iyali, ko 'yar takarda a cikin safa, ko 'yar tsanar da yake barci da ita ko da yana cewa ya girma.

Ranar tafiya da makon da ke biye

Ku yi addu'ar ku mai tsawo a gida ko a mota. A sansani za a bi layin rajista, a duba zazzaɓi da ƙwarƙwata, a karɓi magani. Ku gaisa da mai kula da ɗaki, ku riƙe sunansa, ku gaya masa abu ɗaya ko biyu game da yaron ba a gaban sauran ba. Ku taya shi shimfiɗa gado, ku nuna masa hanyar ban-ɗaki daga gadon. Sannan ku rungume shi ku tafi. Doguwar sallama ba ta rage kuka, ƙara shi take yi.

Wasiƙar farko ku aika ta kwana uku ko huɗu kafin ya bar gida, ko ku bar ta a ofis, don ta same shi a daren farko ko na biyu. Ku cika ta da tambayoyi a kan abin da yake yi da labarai marasa nauyi. Kada ku lissafa masa daɗin da aka ci ba ya nan, mummunan labari kuma ya jira sai ido da ido.

Wata wasiƙa za ta iya zuwa mai cewa, "Baba ka zo ka ɗauke ni, ba na son nan." Ku tuna an rubuta ta kwana biyu ko uku da suka wuce, wataƙila da dare. Ku kira shugaban sansani, ku tambayi takamaiman abubuwa: yana ci? Yana barci? Yana shiga wasa? Yana da aboki? Idan amsar e ce, ku rubuta masa cewa kun ji shi, kuna alfahari da shi, saura kwana kaza. Idan kuwa ya daina ci da barci kwanaki a jere, ko wasu na cin zalinsa, ko muryarsa ta nuna wani abu da ya wuce kewa, ku je. Kuma kada ku sa ya ji ya kāsa. Hotunan da sansani ke sakawa kullum kada ku mai da su ma'auni, fuskar da ba murmushi sau da yawa rana ce ta haske masa ido.

Dawowa

Ku iso a kan lokaci, ba abin da ke ci wa yaro rai kamar ya ga an kwashe kowa saura shi. Kafin ku bar wurin ku karɓi ragowar magani ku leƙa inda ake tara kayan tsintuwa. A gida a buɗe jakar a waje ko a gareji, a wanke kayan a busar da su a inji da zafi sosai na minti 30 saboda kuɗin cizo. A duba kai da fata. Idan zazzaɓi ko wani jan tabo mai faɗaɗa ya fito cikin kwana 3 zuwa 30, a gaya wa likita cewa yaron ya je daji, kuma a lura da kyau domin tabon yana da wuyar gani a fata mai duhu.

Zai dawo a gajiye, wataƙila da saurin fushi, wataƙila yana kewar sansanin kamar yadda ya yi kewar gida. Ku bar shi ya yi barci. Labari yakan fito a hankali, a mota ko wurin wanke-wanke, ba lokacin da aka zaunar da shi ana jero masa tambayoyi ba. Cikin hirar ku tambayi wa ya fi so a cikin manya, da ko akwai wanda bai so ba, da dalili. Idan wani ma'aikaci yana son ci gaba da zumunci, ya bi ta hannunku. Saƙon sirri tsakanin babba da yaro bayan sansani abu ne da za ku tsayar, ku kuma sanar da shugaban wurin.

Idan ya ce ya ba da ransa ga Yesu, kada ku ce ai zafin sansani ne zai wuce, kada kuma ku tsayar da shi gaban jama'a ya ba da shaida tun bai shirya ba. Ku ce ya gaya muku da bakinsa abin da ya fahimta. Ku haɗa shi da fasto ko malamin makarantar Lahadi cikin makon nan, ku tambaye shi littafin da suka yi nazari a can, ku ci gaba daga surar da suka tsaya.